Karatu a Ƙasar Waje kan Talauci, Raya Al'umma da Fataucin Mutane: Tambayoyi da Amsoshi

An tanadi wannan shafi domin ɗalibai da ma'aikata masu niyyar zuwa wata ƙasa su yi nazari kan talauci, da hanyoyin raya al'umma, da fataucin mutane, ko tafiyar ta 'yan makonni ce ko ta shekara guda ko fiye. Tambayoyin su ne waɗanda masu niyyar tafiya da iyayensu suka fi yawan yi.

Me ya sa ake haɗa fannonin nan uku a karatu ɗaya?

Saboda a rayuwar waɗanda abin ya shafa ba a rabe suke ba. Magidancin da fari ya cinye wa amfanin gona yakan ci bashi domin ya ciyar da iyalinsa, bashin ya yi ta haihuwa, sai ga dillali ya zo da labarin aiki a wani birni ko wata ƙasa, har ya ce shi zai biya kuɗin tafiya da na takardu, a riƙa cirewa daga albashi. Wanda ya bi wannan labari daga tushe har ƙarshensa ya ratsa fannonin uku ke nan. Muradun ci gaba mai ɗorewa da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 ma sun jera su tare, domin muradi na farko shi ne kawar da talauci, sashe na 8.7 kuma ya tanadi yaƙi da aikin tilas da bautar zamani da fataucin mutane.

Duk da haka, talauci shi kaɗai ba ya haifar da fatauci. Sau da yawa wanda ya fi kowa talauci ba shi da ko abin da zai jinginar ya fita, don haka mai ɗan fili ko 'yar dabba, mai burin sauya rayuwarsa, shi ne dillali ya fi nema. A ɗaya ɓangaren kuma dole akwai mai buƙatar ma'aikaci mai araha wanda ba shi da bakin kai ƙara. Shirin karatun da ya tsaya kan matalauta kawai, bai waiwayi masu cin moriyar guminsu ba, rabin darasi ya koyar.

Me mutum zai samu a can wanda ba zai samu a littafi ba?

Gani ya kori ji, amma ganin baƙo yana da iyaka, domin baƙo ko da ido makaho ne. Amfanin tafiyar na gaskiya shi ne kwatanci. Mutum yakan ɗauka yadda ake auna talauci ko rabon tallafi a inda ya tashi shi ne kaɗai yadda za a iya yi, sai ya je ya tarar da wata al'umma ta fuskanci matsala iri ɗaya ta ɓullo mata ta wata hanya dabam. Amfani na biyu shi ne zama da waɗanda suka shafe shekaru suna aikin, kamar jami'an duba wuraren aiki, da lauyoyin 'yan ci-rani, da shugabannin ƙungiyoyin mata, domin su ne ke faɗin abin da bai yi nasara ba, wanda ba kasafai ake rubuta shi a rahoto ba.

Waɗanne irin shirye-shirye ake da su?

Akwai gajerun tafiye-tafiye na mako biyu zuwa shida waɗanda malaman jami'a ke jagoranta, akwai zangon karatu guda a wata jami'a ta waje wanda ake lissafa sakamakonsa cikin digirin ɗalibi, akwai kuma cikakken digiri na biyu ko na uku. Cikin cibiyoyin da suka yi suna a nazarin ci gaba akwai cibiyar IDS da ke Jami'ar Sussex a Ingila, wadda aka kafa a 1966, da cibiyar ISS da ke birnin Hague a ƙasar Holan, wadda aka kafa a 1952, da makarantun SOAS da LSE a Landan. A fannin bauta da fatauci kuwa akwai Cibiyar Wilberforce ta Jami'ar Hull da cibiyar Rights Lab ta Jami'ar Nottingham. Kada a manta da jami'o'in ƙasashen da ake nazarin a kansu, irin su Jami'ar BRAC da ke Dhaka a Bangladesh, inda malamai da yawa ke da kusanci da aikin da suke koyarwa.

Gajeriyar tafiya tana buɗe ido, kuma iyakacinta ke nan. Wanda ya yi mako uku a wata ƙasa ya dawo yana magana da yawun mutanenta ya ɗauki kayan da suka fi ƙarfin kansa.

Ai kowa ya san talauci. Me ake karantawa a kansa?

Abu na farko shi ne yadda ake auna shi, domin ma'aunin da aka zaɓa shi ke nuna wa za a taimaka wa kuma wa za a bari. Bankin Duniya ya fara da ma'aunin dala ɗaya a rana a 1990, ya mai da shi dala 1.25 a 2008, da dala 1.90 a 2015, da dala 2.15 a 2022, sannan dala 3 a 2025. Waɗannan alƙaluma ba da canjin kasuwa ake lissafa su ba, da ƙarfin abin da kuɗi ke iya saye a kowace ƙasa ake yi, kuma ɗalibin da bai fahimci wannan ba zai yi ta kuskuren fassara rahotanni.

Abu na biyu shi ne gane cewa kuɗin shiga ba ya faɗin komai. Amartya Sen, masanin tattalin arziki ɗan Indiya da ya sami lambar Nobel a 1998, ya nuna a bincikensa kan yunwar Bengal ta 1943 cewa mutane suna iya mutuwa da yunwa alhali abinci yana nan a ƙasa, idan farashi ya tashi ya bar ladan ƙwadagonsu a baya. Daga irin wannan tunani ne shi da Mahbub ul Haq na Pakistan suka taimaka aka samar da ma'aunin ci gaban ɗan Adam a 1990. A 2010 kuma wata cibiya ta Jami'ar Oxford da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fito da ma'aunin talauci mai fuskoki da yawa, wanda ke duba abubuwa goma a ƙarƙashin lafiya da ilimi da yanayin zama, kamar abinci mai gina jiki, da mutuwar yara, da zuwa makaranta, da ruwan sha, da makamashin girki. Gida biyu masu kuɗin shiga ɗaya suna iya bambanta ƙwarai a wannan ma'auni.

Abu na uku shi ne tantance abin da ke aiki. Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer sun sami lambar Nobel a 2019 saboda gwajin da ake yi ta hanyar ƙuri'a, inda ake bai wa wasu ƙauyuka ko gidaje wani tallafi, a jinkirta wa wasu, sannan a kwatanta sakamako. Wannan hanya tana da masu sukarta, musamman kan ko abin da ya yi aiki a wani gari zai yi a wani, kuma shiri nagari yana koyar da sukar tare da hanyar.

Mece ce raya al'umma, kuma da me ta bambanta da agaji?

Agaji yana zuwa ne daga waje a lokacin da gari ya ci wuta, raya al'umma kuwa aiki ne na shekaru wanda mutanen wurin ke riƙe da ragamarsa. Wani sanannen misali shi ne na unguwar Orangi a birnin Karachi na Pakistan, inda daga 1980 Akhtar Hameed Khan da abokan aikinsa suka taimaka wa mazauna lungu-lungu suka haɗa kuɗinsu da ƙarfinsu suka shimfiɗa magudanan ruwa, ƙungiyarsu tana ba da shawarar injiniya da taswira kawai, aka bar wa hukuma manyan bututu. A birnin Porto Alegre na Brazil kuma, daga 1989, an fara kiran mazauna unguwanni su zauna su tsara inda wani kaso na kasafin birni zai tafi. Robert Chambers na cibiyar IDS ya yi fice wajen koyar da cewa jami'in da ya zo daga birni ya miƙa wa mutanen ƙauye sanda su zana taswirar garinsu da kansu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bangladesh tana cikin ƙasashen da ɗalibai ke yawan karanta labarinsu a wannan fanni. Muhammad Yunus ya fara ba da ƙananan rance a ƙauyen Jobra a 1976, abin da ya zama Bankin Grameen a 1983, har suka sami lambar Nobel ta zaman lafiya a 2006. An daɗe ana yabon wannan rance kamar shi ne maganin talauci, amma gwaje-gwaje shida da aka wallafa a 2015 sun nuna amfaninsa matsakaici ne: yana ba mutane sararin juya kuɗi, ba ya fitar da yawancinsu daga talauci. Ƙungiyar BRAC, wadda Fazle Hasan Abed ya kafa a 1972, ta lura cewa mafi talauci ba sa ma iya karɓar rance, sai ta fito a 2002 da tsarin ba su jari kyauta, kamar saniya ko awaki, tare da ɗan kuɗin abinci da horo da ziyarar jami'i a kai a kai na kimanin shekara biyu. Da aka gwada tsarin a Habasha da Gana da Honduras da Indiya da Pakistan da Peru, an ga amfaninsa ya ɗore a mafi yawansu bayan an janye tallafin. Haka kuma ana nazarin shirin Progresa na Meziko na 1997 da Bolsa Família na Brazil na 2003, waɗanda ke bai wa iyalai kuɗi bisa sharaɗin yara su je makaranta da asibiti.

Mene ne ainihin fataucin mutane a doka?

Ma'anar da ƙasashe suka yarda da ita tana cikin Yarjejeniyar Palermo ta shekarar 2000, wadda ta fara aiki a Disamban 2003. Sai abubuwa uku sun haɗu. Na ɗaya aikin da aka yi, wato ɗaukar mutum, ko kai shi wani wuri, ko ɓoye shi, ko karɓarsa. Na biyu hanyar da aka bi, wato tilastawa, ko barazana, ko yaudara, ko amfani da raunin mutum. Na uku manufa, wato ci da guminsa ta aikin tilas, ko karuwancin dole, ko bauta, ko cire sassan jikinsa. Idan yaro ne ɗan ƙasa da shekara 18, ba a buƙatar tabbatar da abu na biyu, kuma amincewar babba ba ta da wani tasiri muddin da yaudara ko tilas aka same ta.

A bakin jama'a ana kiran komai safarar mutane, amma doka ta raba fatauci da tsallakar da baƙin haure. Mai tsallakarwa ana biyansa ne ya haye da mutum iyaka, daga nan ciniki ya ƙare, laifin kuma a kan dokar shige da fice ta ƙasa yake. Fatauci laifi ne a kan mutumin kansa, kuma ba sai an tsallaka iyaka ba, domin ana iya yin sa a cikin ƙasa ɗaya, har a cikin gari ɗaya. A zahiri dai tafiyar da ta fara a matsayin tsallakarwa tana iya rikiɗewa ta zama fatauci a tsakiyar hanya, idan aka tsare mutum aka ce sai ya biya ƙari ko ya yi aiki.

Mutum nawa abin ya shafa?

Ƙiyasin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da ƙungiyar Walk Free da Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya suka fitar a 2022 ya ce kimanin mutum miliyan 50 ke cikin bautar zamani, miliyan 27.6 a aikin tilas, miliyan 22 a auren dole. A 2024 Ƙungiyar Ƙwadago ta ƙiyasta ribar haram da ake samu daga aikin tilas da dala biliyan 236 a shekara. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi da laifuka, da ke Vienna, shi kuma yana ƙidaya waɗanda hukumomi suka gano ne kawai, adadin da bai kama ƙafar wancan ba. Tazarar da ke tsakanin alƙaluman biyu darasi ce mai zaman kanta, kuma ɗalibi ya saba da tambayar yadda aka samo kowane adadi kafin ya maimaita shi.

Me ya sa shirye-shirye da yawa ke zuwa kudanci da kudu maso gabashin Asiya?

Domin a can ana iya ganin nau'o'in matsalar kusa da juna, ana kuma iya ganin martanin da aka mayar. Akwai bautar bashi a wuraren gasa bulo, wadda Indiya ta haramta da doka a 1976 amma ba ta gushe ba. Akwai aikin tilas a jiragen kamun kifi, wanda binciken kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya tona a tsibirin Benjina na Indonesiya a 2015, har aka kuɓutar da maza fiye da 2,000, a shekarar ce kuma Tarayyar Turai ta gargaɗi Tailan kan harkar kamun kifinta, ba ta janye gargaɗin ba sai 2019. Na baya-bayan nan su ne sansanonin damfara ta intanet, inda ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2023 aƙalla mutum 120,000 a Myanmar da kimanin 100,000 a Kambodiya ake tsare da su ana tilasta musu damfarar wasu. Da yawa daga cikinsu masu digiri ne da suka iya kwamfuta da harsuna, abin da ya rushe zaton cewa jahili ne kawai ake yaudara.

Wannan ba ya nufin ƙasashe masu arziki sun tsira. Ana samun aikin tilas a gonakin Turai da Amurka, da gidajen masu kuɗi, da wuraren gine-gine, shi ya sa Birtaniya ta kafa dokar yaƙi da bautar zamani a 2015, Ostireliya ta bi sahu a 2018.

Zan sami damar ganawa da waɗanda aka kuɓutar?

Mai yiwuwa a'a, kuma shirin da ya yi alƙawarin haka a tallarsa abin zargi ne. Wanda ya fito daga hannun masu fatauci yana iya kasancewa da shari'a a gaban kotu, ko bashi a kansa, ko iyali da ake yi wa barazana, kuma maimaita labari ga baƙi rukuni bayan rukuni fami ne ga rauninsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin hira da matan da aka yi fataucinsu a 2003, ta farko a cikinsu kuwa ita ce kada a cutar. Abin da ya dace shi ne sauraron waɗanda suka tsira suka kuma zaɓi zama masu fafutika da kansu, a gayyace su a matsayin malamai, a biya su ladan koyarwarsu. Ɗaukar hoton mutanen da ke gidajen mafaka, ko bayyana inda gidan yake a Facebook, yana iya jefa rai cikin haɗari.

Aikin sa-kai a gidan marayu fa?

A guje shi. Bincike a Kambodiya ya nuna kusan kashi uku cikin huɗu na yaran da ke irin waɗannan gidaje suna da aƙalla uwa ko uba a raye, kuma yawan gidajen ya ƙaru da kashi 75 cikin ɗari tsakanin 2005 da 2010, lokacin da baƙi masu yawon buɗe ido ke ƙaruwa. A Nepal ma an tarar gidajen sun taru ne a wuraren da baƙi suka fi zuwa. Ana karɓo yara daga iyaye matalauta da alƙawarin makaranta, a ajiye su domin jawo gudummawa, har Ostireliya ta zama ƙasa ta farko da ta ɗauki wannan a matsayin nau'in bautar zamani. Ko a gidan da ake gudanarwa da gaskiya, yaro yana cutuwa idan kowane wata sabon baƙo ya zo ya shaƙu da shi ya tafi.

Ta yaya zan gane shiri nagari?

A tambayi wa ke koyarwa, da ko akwai 'yan ƙasar a cikin malaman. A tambayi shekara nawa shirin ya yi yana aiki da al'ummar da zai kai ɗalibai, da kaso nawa na kuɗin da aka biya ke isa gare ta. A nemi ganin rubutacciyar ƙa'idar kare yara da masu rauni, a kuma tabbatar cewa duk binciken da ya shafi mutane sai ya bi ta kwamitin ɗa'a na jami'a. Shirin da ke sa ɗalibin da ba likita ba ya duba marasa lafiya, ko wanda ba magini ba ya gina aji alhali garin cike yake da magina marasa aiki, ya fi kula da jin daɗin baƙo fiye da amfanin masu gida. Darasin harshen wurin, ko da na gaisuwa da ciniki ne, alama ce mai kyau.

Akwai tallafin karatu?

Akwai, amma mafi yawansa na digiri na biyu ne. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya yana ɗaukar nauyin digiri na shekara guda, yana neman gogewar aiki ta shekara biyu, kuma dole mai karɓa ya koma ƙasarsa na aƙalla shekara biyu bayan kammalawa. Akwai na ƙasashen Kwamanwel, da na hukumar DAAD ta Jamus mai sashe na musamman ga darussan ci gaba, da Erasmus Mundus na Tarayyar Turai inda ake karatu a ƙasashe biyu ko fiye, da Fulbright na Amurka, da na haɗin gwiwar Japan da Bankin Duniya. Duk waɗannan ba ta hannun dillali ake nemansu ba.

Shin ɗalibin kansa zai iya faɗawa hannun masu fatauci?

Ƙwarai kuwa, domin alƙawarin karatu yana cikin tarkon da ake ɗanawa. A 2024 'yan sandan Indonesiya sun binciki wani shiri da ya kai ɗalibai fiye da 1,000 Jamus da sunan horon aiki, inda suka tarar da aikin ƙarfi da bashi na jiransu. Alamomin haɗari sanannu ne: dillalin da ya ce a tafi da bizar yawon buɗe ido za a sauya ta a can, ko ya ƙi nuna takardar shaidar samun gurbi da za a iya tabbatarwa daga makarantar kanta, ko ya ce zai biya komai a rama masa da aiki, ko ya nemi riƙe fasfo. Fasfo ba ya barin hannun mai shi. A ajiye kwafinsa a wurin dangi, a kuma riƙe lambar ofishin jakadancin ƙasarka kafin jirgi ya tashi.

Idan na ga abin da ya yi kama da fatauci a can, me zan yi?

Kada ka yi yunƙurin ceto da kanka, kada kuma ka tunkari wanda kake zargi. Ka rubuta abin da ka gani da wuri da lokaci, ka sanar da jagoran shirinku, shi kuma ya miƙa wa ƙungiya ko hukumar da ta san ƙasar. Dalili shi ne samamen da aka yi ba tare da shiri ba yakan ƙare da kama wanda aka zalunta a matsayin baƙon haure a kore shi, bashinsa yana nan, mai laifin kuma ya sulale.

Wane aiki ake samu da wannan karatu?

Masu wannan ilimi suna aiki a ma'aikatun jin daɗin jama'a da na ƙwadago, da hukumomin ƙididdiga, da ƙungiyoyi masu zaman kansu, da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, da kuma kamfanonin da doka ta tilasta wa binciken yadda ake samar da kayan da suke saye. Gasar tana da zafi, kuma masu ɗaukar ma'aikata sun fi duba wata ƙwarewa takamaimiya da aka ɗora a kan digirin, kamar sarrafa alƙaluma, ko dokar ƙwadago da ta ƙaura, ko kula da waɗanda suka shiga firgici, ko bin diddigin aiki da auna sakamakonsa, ko harshe na biyu kamar Faransanci ko Larabci ko Sifaniyanci. Yana da kyau ɗalibi ya zaɓi ɗaya daga cikinsu tun a zangon farko, ya kuma gina aikin bincikensa na ƙarshe a kanta.